Bikin Furen Tulip na Istanbul: Yadda Muka Bi Tun Daga Neman Biza Har Lambun Emirgan

Duk shekara da zarar watan Afrilu ya kama, hotunan furannin Istanbul sai su cika wayoyin mutane, daga nan tambayoyi su biyo baya: a ina ake sayen tikitin bikin, wace rana ake buɗewa, ƙarfe nawa ake tashi? Ni ma na yi ta yawo da waɗannan tambayoyin, kuma ko cikin 'yan kasuwar da suka daɗe suna zuwa sarin kaya ban sami wanda ya warware mini su ba, don yawancinsu daga otal sai shago, daga shago sai ofishin kago. To ga amsar tun da wuri. Babu tikiti, babu ƙofa guda, babu kuma wata rana da za a ce ita ce ranar bikin. Mu da muka saba da hawan Sallah, inda kowa ya san ranar da sarki zai fito da hanyar da zai bi, muna ɗauka haka kowane biki yake. A can hukumar birnin ce ke shuka miliyoyin furen tulip, wanda Turkawa ke kira lale, a lambunan shaƙatawa da dandali da gefen tituna. Tun 2006 ake yin bikin, kuma watan Afrilu gaba ɗayansa ake ba shi. Sai dai furen ba ruwansa da sanarwar hukuma. Sanyi da rana ne ke yanke masa lokacin buɗewa, idan ya buɗe kuma ba ya daɗewa. Saboda haka wahalar tafiyar ta taru a wuri ɗaya, wato yadda bizarka za ta fito, tikitinka ya dace, ka sauka a garin cikin 'yan makonnin da furen ke tsaye.

Sana'ata sayar da kayan yara da abayoyi a Kano. Da can kuɗi nake bayarwa a saro mini, sai a 2025 na ce zan je da ƙafata, Yayata kuma ta ce tare za mu tafi ta ga ɗanta da ke karatu a wata jami'a a can. Shi ya fara ɗora mu a hanya. Ya ce, "Anti, ku nufi tsakiyar wata. A farkonsa wasu ba su buɗe ba, a ƙarshensa kuma sun fara zubewa." Ƙaramar Sallah ta shekarar ta faɗo ranar 30 ga Maris, sai abin ya zo mana daidai: mu gama cinikin Sallah, mu huta, mu tashi. Daga tsakiyar Afrilu muka yi lissafi da baya-baya, muka ga ashe tun Janairu ya kamata mu motsa. Fasfon Yaya saura 'yan watanni ya mutu, ga shi ana so ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ta cike fom a intanet, ta biya naira 50,000, kuɗin fasfo mai shafi 32 a lokacin (a Satumbar 2025 an ninka shi zuwa 100,000), aka ba ta ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsa. Abin da ke tsayar da mutane a wannan mataki shi ne sunan da ke kan lambar NIN ya saɓa da na tsohon fasfo, ko da harafi ɗaya ne. Mun ga wata baiwar Allah da aka mayar saboda Aisha da Aishatu. Ku duba naku tun kafin ku biya. Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan, wanda ake biya a intanet a je ofishin lafiya na filin jirgi a karɓa. Allurar sai ta kwana goma take fara aiki a ƙa'ida, don haka ba abin bari sai jajibirin tafiya ba ne.

Biza ce ta fi cin lokaci da tunani. Wani ejan da aka haɗa mu da shi ya yanka mana kuɗin da ya ninka na ƙa'ida har da ɗori, ya ce shi yana da hanya, ba sai mun kawo takardar banki ba, zai haɗa mana tasa. Yaya ta dube ni, na dube ta, muka ce za mu neme shi. Ba mu sake kiransa ba. Takardar bogi idan aka gano ta, sunanka ne ke ɓaci, shi kuwa ya riga ya ci kuɗinsa. Muka bi hanyar da kowa ke bi: cike fom a intanet, a ɗauki rana, a kai takardu cibiyar karɓar takardun biza a Abuja (akwai wata a Legas). Abin da muka haɗa shi ne fasfo da kwafinsa, hotuna masu farin bango, bayanan asusun banki na wata shida da hatimin banki a kai, takardar rajistar kasuwanci, shaidar biyan haraji, shaidar kama ɗaki a otal, shaidar riƙe kujera a jirgi zuwa da dawowa, inshorar lafiya ta tafiya, da wasiƙar da na bayyana ko ni wace ce da abin da zai kai ni. Yaya ta ƙara da takardar shaidar karatun ɗanta da kwafin izinin zamansa. Game da banki, abin da ake so a gani shi ne asusu mai rai, kuɗi na shiga suna fita yadda ciniki yake. Asusun da ya yi wata biyar yana barci sannan aka jibga masa miliyoyi ana saura mako, da kansa yake tona asirin mai shi.

Mun kwana a Abuja gidan 'yan uwa muka yi sammako. A ƙofa aka duba takardar ranarmu, aka ba mu lamba, muka zauna. Da aka kira ni, matashiyar da ke kan tebur ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Hajiya, inshorarki ta ƙare ranar da za ki dawo, gara ta zarce da 'yan kwanaki." A nan kusa aka gyara, na dawo layi. Aka ɗauki zanen yatsunmu da hoto, muka biya kuɗin biza da kuɗin hidimar cibiyar, kowanne da rasidinsa. Waɗannan kuɗi ba sa dawowa ko an hana ka, kuma suna canzawa, don haka a tambaya a makon da za a je. Daga nan sai jira, ga shi a cikin azumi. Makonni suka yi ta wucewa, kullum bayan sahur sai na shigar da lambar bibiya in ga ko an motsa. A nan ne mutum ke shiga tsaka mai wuya: idan ka sayi tikiti kafin biza ta fito, wataƙila ka yi asara, idan ka jira kuma kuɗin tikitin na hawa saboda Afrilu lokacin baƙi ne. Mu dai muka riƙe kujera kawai muka jira. Ana saura kwanaki Sallah saƙo ya shigo cewa a zo a karɓi fasfo. Ba a faɗa maka sakamako a saƙon, sai ka buɗe ambulan da hannunka. Yaya ta kasa buɗe nata, ta miƙo mini tana cewa, "Duba mini, ni gabana faɗuwa yake." Duka biyu sun fito. A jikin bizar akwai abu biyu da mutane ke cakuɗawa: tsawon lokacin da za ka iya shiga da ita, da yawan kwanakin da aka yarda ka zauna. Na biyun shi ne wanda idan ka wuce za ka biya tara a filin jirgi, wani lokaci har a hana ka dawowa.

A ranar muka sayi tikiti, kuma shi ya lashe kaso mafi girma na kuɗin tafiyar. Dala muka saya a Wapa, a lokacin tana kai-komo a sama da naira 1,500, muka nace sai sababbin takardun ɗari-ɗari marasa tabo, don masu canji a can suna ƙyamar tsofaffi. Katin banki na naira ba abin dogaro ba ne a waje a lokacin, tsabar kuɗi muka riƙe. Daga Abuja jirgi na tafiya kai tsaye, kusan awa bakwai, kuma agogon Turkiyya na gaban namu da awa biyu. Filin jirgin Istanbul, wanda aka koma aiki da shi gaba ɗaya a 2019, girmansa ya wuce misali. Daga inda jirgi ya tsaya zuwa wurin buga fasfo tafiya ce sosai, duk mai tafiya da dattijo ko mai ciwon gwiwa irin Yaya ya nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti, kyauta ne. Jami'in shige da fice ya duba fuskata, ya tambayi otal da ranar komawa, na nuna masa a takarda, ya buga. Ku buga waɗannan takardu a riƙe a hannu, waya na iya mutuwa ko ta rasa sabis a daidai lokacin. Kuɗi kaɗan muka canza a filin jirgi saboda farashinsu ba daɗi, sauran sai a shagunan canji na cikin gari, inda dala ɗaya take wajen lira 38. Motar Havaist, manyan bas-bas na filin jirgi, ita muka shiga zuwa Aksaray, tafiyar sama da awa ɗaya. Akwai jirgin ƙasa na M11, amma da akwatuna da canje-canjen layi bas ta fi sauƙi.

Da muka fito daga motar iska ta mare mu, sai Yaya ta ce, "Wannan shi ne bazarar tasu?" Mun baro Kano ana zafin da ya haura digiri 40, muka tarar da gari na wasa tsakanin takwas da sha bakwai, ga yayyafi. Rigar sanyi mai kauri, safa, takalmi rufaffe mai laushi da 'yar lema, waɗannan ba kwalliya ba ne, dole ne. A Laleli muka sauka, unguwar 'yan sari, inda za ka ji Hausa a bakin lif da wurin karin kumallo. Abu na farko da ɗan Yaya ya yi mana shi ne sayen Istanbulkart a na'urar da ke tashar taragu, wato ɗan jirgin ƙasan da ke bin kan titi. Kati ne da ake zuba wa kuɗi, da shi ake hawa bas da taragu da jirgin ƙasa da jirgin ruwa, har bayan gidan hukuma da shi ake shiga. Hawa ɗaya lira 27 ne a lokacin. Ya kuma ja mana kunne cewa kada mu fita ba fasfo, don 'yan sanda kan tsayar da baƙi a Aksaray da Laleli su duba takardu. An tsayar da mu kuwa, aka duba, aka ce mu wuce, ba wata fitina.

Lambun Gulhane muka fara zuwa saboda yana kusa. Taragun T1 ake hawa daga Laleli, a wuce Beyazit da Sultanahmet, a sauka a tashar Gulhane, ƙofar na kallonka. Shiga kyauta ne. Da can lambun Topkapi ne, fadar sarakunan Turkiyya na da, a nan aka karanta dokar gyare-gyaren Tanzimat a 1839, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Doguwar hanya ce tsakanin manyan bishiyoyi, furanni jere a gefe da gefe, ja da fari da ruwan ɗorawa, tsuntsaye na ta sheƙa a sama. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, ya dace da mai ciwon ƙafa, kuma a ciki akwai gidan tarihin kimiyya da fasaha a Musulunci ga mai sha'awa. Wanda kwanakinsa kaɗan ne, Gulhane da dandalin Sultanahmet sun ishe shi ya ce ya ga bikin. Hoton nan da ke yawo na katafariyar darduma da aka shirya da furanni a Sultanahmet gaskiya ne, amma ba kowace shekara ake yi ba, kada wani ya ɗora tafiyarsa a kanta.

Cibiyar bikin dai ita ce lambun Emirgan, can arewa a gaɓar mashigin Bosforus, kuma a nan 'yan kasuwa ke faɗawa tarko. Yawancin shagunan sari a rufe suke ranar Lahadi, sai kowa ya ce bari ya bar yawon buɗe ido sai Lahadi don kada ya yi asarar ranar ciniki. To ranar ce mutanen gari su ma suke kwasar iyalansu su nufi can, a birnin da ke da mutum sama da miliyan goma sha biyar. Wasu mata 'yan Maraɗi da ke otal ɗinmu sun je ranar Lahadi bayan azahar. Da daddare suka dawo a gajiye, ɗaya ta ce mini, "Hajiya, mu dai ƙeyar mutane muka gani." Rabin yinin a cikin mota suka yi shi, domin titin gaɓar ruwan siriri ne, idan ya cushe ba gaba ba baya. Mu sai muka sadaukar da safiyar Talata. Ni da na je neman riba ina gaya muku wannan rabin yinin bai rage mini komai a sari ba.

Bayan asuba kaɗan muka hau T1 har ƙarshen layi, Kabatash, daga nan muka shiga bas mai lamba 25E. Lamba 22 ma na zuwa. A zauna ta hannun dama, ɓangaren ruwa. Motar na bi ta Beshiktash da Ortakoy da Bebek, ta wuce ganuwar Rumeli Hisari da Sarki Muhammad Alfatih ya gina a 1452, shekara guda kafin ya ci birnin, sannan ta ratsa ƙarƙashin gadar da aka sa wa sunansa. A tashar Emirgan muka sauka. Abin da hotuna ba sa nunawa shi ne lambun a jikin tudu yake, faɗinsa ya kai hekta 47, kuma daga bakin ruwa hawa ne tiryan-tiryan. Yaya ta yi ta tsayawa tana dafa gwiwa, ɗanta na cewa, "Umma, saura kaɗan," ita kuma tana cewa tun ɗazu yake faɗin haka. Mai tafiya da tsoho ya bi ta sama: jirgin ƙasa na M2 zuwa tashar ITU-Ayazaga, sannan tasi zuwa ƙofar sama, sai a riƙa gangarowa ana kallo a fita ta bakin ruwa. Mai shiga da ƙafa ba ya biyan ko sisi, mota ce ake karɓa wa kuɗi.

Da muka isa filin farko sai jikina ya yi sanyi. Furannin na nan birjik, amma duk a tsuke suke, kowanne ya haɗe bakinsa, raɓa na kwance a kan ganyen. Na ce ko mun yi wuri ne da mako guda? Wani dattijo ma'aikacin lambun, yana durƙushe da ɗan magirbi a hannu, ya ga muna nuna furen muna magana. Yaron ya tambaye shi da Turkanci, sai ya yi dariya ya nuna sama. Ashe tulip da dare da lokacin sanyi rufewa yake, sai rana ta ɗumama shi yake buɗewa. Muka sami benci muka zauna da shayi da simit, burodin nan mai zobe da riɗi a jiki. Wajen ƙarfe goma da rabi rana ta fito sosai, sai ga jajayen da ke gabanmu sun saki baki, cikin kowanne da baƙin tabo da ɗan zoben rawaya kewaye da shi, ƙudan zuma na faɗawa ciki suna fitowa da gari a ƙafa. Akwai wasu masu gefe kamar an yayyanka da almakashi, wasu masu ganye ninki-ninki, wasu kuma shuɗin da ya yi duhu har ya kusa zama baƙi. An shirya su layi-layi, launi na bin launi, an kuma zuba wani ƙaramin fure shuɗi a gangaren tudu ya zama tamkar rafi na kwarara. Yaya ta sunkuya da ƙyar ta shinshina ɗaya, ta ɗago tana yamutsa fuska: "Duk kyan nan ba ƙamshi?" Haka ne, yawancin tulip ba su da wani ƙamshi. Wanda ke tashi a iska na wani fure ne da suke kira sumbul, da ake shukawa a tsakaninsu. Darasin nan biyu ne a haɗe: a zo da wuri don a riga taro, amma a zauna har rana ta ɗaga. Ranar da hadari ya rufe gari ko ake ruwa, furen ba zai buɗe sosai ba, gara a ba kasuwa wannan ranar.

Dattijon ya ƙara mana bayani cewa albasar furen, wato irinsa mai kama da albasa, tun ƙarshen kaka ake binne ta, wajen Nuwamba da Disamba, ta sha sanyin hunturu a ƙasa kafin ta tsiro. Ana haɗa iri mai saurin fitowa da mai jinkiri don lambun ya daɗe da launi, shi ya sa za ka ga wani fili ya zube wani kuma bai fara ba. Da yawa daga albasar a cikin ƙasar ake noma ta, musamman a yankin Konya. Masu gadi kuwa ba sa wasa, da ka ɗora ƙafa cikin furanni don hoto za ka ji usur. Mun ga an yi wa wata amarya da farar rigarta, don amare da angwaye na cika wurin da masu ɗaukar hoto. Mu ma an yi ta roƙon a ɗauki hoto da mu saboda atamfa da mayafi. Yaya ta amsa wa wasu tsofaffin mata, ta ƙi wasu samari.

A cikin lambun akwai gidajen katako guda uku, mai ruwan ɗorawa da fari da mai ruwan hoda, waɗanda Isma'il Pasha, mai mulkin Masar daga 1863 zuwa 1879, ya gina lokacin da wurin ke hannunsa. Yanzu ana sayar da abinci a ciki, kuma a ƙarshen mako sai an bi layi kafin a sami tebur. Mun ci a mai ruwan ɗorawan, wanda ke kallon tafki. Abincin ba laifi, sai dai ba yaji, kuma Allah ya taimake mu Yaya ba ta rabuwa da ƙullin yajinta. Kusa da lambun akwai ɗan gidan tarihin tulip, a nan na fahimci dalilin da Turkawa ke ɗaukar furen nan da zafi. Asalinsa daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, ya zama furen fadar daular Usmaniyya ta Turkawa, daga nan ya tsallaka Turai a ƙarni na 16. Masanin tsirrai Carolus Clusius ya kai shi birnin Leiden na ƙasar Holan a 1593, mutanen Holan suka haukace a kansa har kasuwarsa ta rushe a 1637, yau kuma duniya ta fi sanin su da shi. A Istanbul kanta akwai zamanin da ake kira zamanin tulip, daga 1718 zuwa 1730, lokacin Sarki Ahmad na Uku, inda manya suka yi ta gasar lambuna da shagali har talakawa suka gaji, tawayen da wani mai suna Patrona Halil ya jagoranta ya kawo ƙarshen mulkin Sarki Ahmad ɗin. A ganina bikin yau wani yunƙuri ne na cewa furen nan namu ne tun asali. Abin da ya ba ni mamaki shi ne irin da kakanninsu suka fi so siriri ne mai dogayen ganye masu tsini, ba mai kumburin da ya cika lambunan yanzu ba. Wanda ke son ganin wancan ya je masallacin Rustem Pasha a Eminonu, ginin shahararren maginin nan nasu Mimar Sinan, ya duba tayil ɗin bango. Na yi sallar la'asar a can wata rana, na daɗe ina bin zanen da ido.

Azahar a masallacin Emirgan muka yi ta, wanda ke bakin ruwa kusa da masu shayi a ƙarƙashin manyan bishiyoyi. Akwai ɓangaren mata, ruwan alwala kuwa kamar ƙanƙara. Lokacin da muke fita, motocin 'yan makaranta da na baƙi sun fara tururuwa. Gwiwar Yaya ta ce ba ta san zancen bas ba, muka tare tasi. Direban ya ƙi kunna mita, ya faɗi wani kuɗi, yaron ya ce mu sauka. Muka kira wata ta manhajar waya, muka biya abin da bai kai rabin wancan ba. Idan za ku biya tasi da tsabar kuɗi, ku faɗi adadin takardar da baki kafin ku miƙa.

Ɓangaren birnin da ke nahiyar Asiya, a tsallaken Bosforus, mun leƙa shi a gurguje. Jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar bai fi minti ashirin ba, da katin nan dai. Tudun Chamlija na da furanni da babban masallacin da aka buɗe a 2019, lambun Goztepe kuma shimfiɗaɗɗe ne, taronsa bai kai na Emirgan ba. Wanda ya makara har ƙarshen Afrilu, tulip ya fara zubewa, zai tarar da bishiyar erguvan ta rufe gaɓar Bosforus da fure ruwan hoda mai duhu, ba zai koma hannu rabbana ba.

Idan aka zo lissafi, kallon furen kansa shi ne abu mafi arha a duk tafiyar: kuɗin mota, shayi, abinci. Kuɗi na tafiya ne a tikiti da otal da biza, sai wuraren tarihi da ake karɓar kuɗin baƙi, kamar benen masallacin Ayasofya da ake biyan yuro 25 a lokacin. Otal a kama wanda za a iya sokewa ba tare da asara ba, tunda ranar fitowar biza ba a hannunka take ba. A fara haɗa takardu wata uku kafin Afrilu, a nemi wani da ke garin ya riƙa turo hoton lambun na ranar, ba na bara ba, kuma a bar kwanakin zaman da ɗan sarari yadda idan an yi ruwa yau za a iya komawa gobe. A duba kalandarsu ma, don 23 ga Afrilu ranar hutun ƙasa ce ta yara, lambuna na cika kamar Lahadi, haka ma idan hutun Sallah ya faɗo cikin watan.

Sai maganar tsaraba. A gefen kasuwar kayan ƙamshi ta Eminonu akwai masu sayar da iri da albasar tulip a cikin 'yan jakunkuna masu hoton fure, kuma za su rantse maka cewa ko'ina take fitowa. Yaya ta ɗauki jaka biyu tana cewa za ta shuka a tsakar gida, ɗanta ya karɓe ya mayar. Albasar na buƙatar makonni masu yawa na sanyi mai tsanani kafin ta yi fure, sanyin hunturunmu bai kai ba, kuma Afrilu ba lokacin shuka ta ba ne ko a can. Ban da haka, shigo da tsiro ko iri Najeriya sai da izinin hukumar killace kayan gona, ana iya karɓewa a filin jirgi. Kuɗin sai ta sayi kofunan shayi na gilashi da faranti masu zanen furen, muka naɗe su cikin abayoyi muka ba ofishin kago tare da sauran kaya.